Wane injin niƙa nama zan saya don naman daji da haɗa sosej?

Ɗan_Rikkos:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Akwai kawuna da ke farauta can wajen Toro, idan rani ya shigo yakan aiko mana da gada da zomaye da zabi, wani lokacin naman ya fi ƙarfin gida, mu yi dambu mu yi soye mu rabar har a gaji. Bana ina so in fara niƙa shi ina haɗa sosej in ajiye a firiza, yara suna so kuma ni ban yarda da na kanti ba don ban san me ke ciki ba. Na zaga shagunan Ahmadu Bello Way da Terminus a nan Jos na ga kala uku: ƙananan na wuta masu jikin roba da aka rubuta 2000W ko 3000W a kwali, da na hannu mai mariƙi da ake ɗaurewa a tebur, da wani ƙato na ƙarfe da suka ce lamba 12 ne akwai kuma 22. Wanne zan ɗauka? Ba sana'a zan yi ba, amfanin gida ne kawai amma ina son abin da zai daɗe.

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam. Mai jikin robar nan ka bar shi inda ka gan shi. Ina da irinsa, naman shanu mai laushi yana niƙawa lafiya lau don samosa da mitfai, amma ranar da maigida ya kawo cinyar gada aka saka, ko minti biyar bai yi ba ya fara warin ƙona ya tsaya. Da aka buɗe sai aka ga haƙoran giyar ciki na roba ne sun cinye.

Injiniya_Bukuru:
Abin da Maman Iman ta faɗa shi ne tushen maganar. Wannan 3000W da kake gani a kwali ba shi ne ƙarfin da injin ke aiki da shi ba, ƙarfin da motar ke ja ne a daidai lokacin da ta cije ta kasa juyawa, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka juya ƙasan injin ka duba ƙaramar takardar da aka manna, yawanci za ka ga ainihin ƙarfin bai wuce 300 zuwa 500 ba. Ka riƙe wannan lissafin: doki ɗaya na inji daidai yake da wat 746. To inji mai doki huɗu ne za ka ɗauka da hannu ɗaya kamar butar shayi? Ba zai yiwu ba. Ni idan zan sayi inji ɗaga shi nake fara yi, nauyi shi ke gaya maka akwai waya a cikin motar kuma giyar ta ƙarfe ce.

Lambobin nan kuma, 5, 8, 12, 22, 32, faɗin farantin da nama ke fitowa ne. Lamba 8 kusan milimita 62 ne, lamba 12 kusan 70, lamba 22 wajen 82, lamba 32 kusan 100. Duk yadda lambar ta hau maƙogwaron injin na ƙara faɗi, ba sai ka yanka naman ƙanana sosai ba. Don gida, lamba 12 mai wat 550 zuwa 750 na gaskiya ya ishe ka har ya yi yawa.

Ɗan_Rikkos:
Na gode Injiniya. To janareta na ƙarami ne fa, irin mai 950 ɗin nan. Zai ɗauka?

Injiniya_Bukuru:
Da wuya. Irin motar nan lokacin tashi tana jan ninki biyu zuwa uku na abin da take ci idan ta daidaita. Ƙaramin janareta zai yi gurnani ya mutu ko kuma wutar ta yi ƙasa motar ta yi ta zafi. Ka nemi aƙalla 2.5kVA, ko ka jira ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi, ka sa sitabilaiza.

Baba_Maharbi:
Yara kuna ta maganar wuta da lamba. Ni tun ina saurayi nake shiga daji kuma na hannu nake da shi, na ƙarfen zubi lamba 22, tun zamanin da ake kawo su daga Cekoslobakiya, har yau yana nan, wuƙa kawai nake canzawa. Ɗana, gada guda nawa ne naman jikinta? Idan ka feɗe ka cire ƙashi da kayan ciki da inda harsashi ya ɓata, abin da zai rage maka bai taka kara ya karya ba. Zomo kuwa ba a ma magana. Wannan ne sai ka sayi injin mahauta? Ka samu tebur mai ƙarfi ka ɗaure na hannu da noti, mutum ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa, kafin la'asar kun gama. Babu ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke.

Ummu_Sadiq:
Baba Allah ya ƙara girma, amma wa zai juya? Mu mata aka saba barwa irin wannan aikin, kuma naman daji ba kamar na rago ba ne, jijiya ce tun daga sama har ƙasa. Kafaɗa na ciwo wallahi.

Baba_Maharbi:
'Yata, idan kafaɗa ta yi ciwo to naman ne ba a gyara ba ko wuƙar ta dakushe. Farin tantanin nan mai ƙyalli da ke lulluɓe da tsoka, da jijiyoyin ƙafa, dole a bi su da ƙaramar wuƙa a cire tukuna. Su ne ke naɗewa a jikin wuƙar injin su toshe ramukan faranti, sai ka ga nama na fitowa kamar kunu maimakon zare-zare. Ko na wuta ka saya in ba ka cire su ba haka zai yi maka. Wannan aikin shi ne rabin niƙa, kuma shi mutane ke gudu.

Chef_Rayfield:
Baba ya yi gaskiya kan jijiya, bari in ƙara abu ɗaya da ya fi komai muhimmanci a wurina: sanyi. Nama ya kusa daskarewa kafin ya shiga inji. Ka yanka shi tsaye-tsaye kamar kaurin yatsu biyu, ka baza a tire ka sa a firiza kamar minti 30 zuwa 45, gefensa ya yi tauri amma wuƙa na iya ratsawa. Kan injin ma da sukurun ciki da wuƙa da faranti duk ka jefa su firiza. Dalili shi ne idan kitse ya ɗumama yana narkewa ya shafe jikin naman, sosej ɗin in ka gasa sai man ya tsiyaye ya bar ka da abu busasshe yana marmashi a baki. Mu a Jos Allah ya ba mu sa'a, Disamba da Janairu da sassafe kicin ɗinka ma sanyi ne, ka yi aikinka bayan asuba kafin rana ta ɗaga. Waɗanda ke Abuja su ne ke fama.

Faranti kuma ka tabbata an haɗo maka aƙalla biyu, mai manyan ramuka na milimita 8 ko 10 da mai milimita 4.5. Ka fara da babba, ka mayar firiza ya sake yin sanyi, sannan ka bi da ƙarami. Kar ka fara da mai 3, nan ne ake kashe inji.

Abu_Hanan_Kubwa:
Gaskiya ne mu nan Kubwa ƙanƙara nake sawa a ƙarƙashin roba. Ni ɗan'uwana ya aiko min da LEM daga Amurka, inji ne mai kyau ƙwarai amma wutar 120 yake ci, sai da na sayi taransfoma mai rage wuta. Duk mai son yin oda daga can ya lura da wannan.

Injiniya_Bukuru:
Abu Hanan taransfomar tana gyara maka bolt ne kawai, daga 230 zuwa 120, amma ba ta gyara bugun wutar. Tasu sau 60 take bugawa a daƙiƙa tamu sau 50, don haka motar za ta riƙa juyawa a hankali kaɗan kuma ta fi saurin ɗaukar zafi. Ka riƙa ba shi hutu. Wanda bai saya ba tukuna gara ya nemi na Turai ko na Cana da aka yi don 220 zuwa 240.

Sadiya_Gangare:
Ni tambayata me ya sa ba za a kai injin markaɗe na unguwa ba a huta? Ai suna niƙa nama idan ka biya.

Maman_Iman:
Haba Sadiya, injin da aka markaɗa wake da tattasai da gero tun safe? Na farko dai dutsen yana murje naman ne ba yankawa yake ba, zai fito da ɗumi ya yi laushi tiɓis. Na biyu wa ya wanke shi? Kuma ka zuba ɗanyen naman daji a ciki wata ta zo bayanka ta markaɗa kunun yaranta, ai an shiga haƙƙi.

Dr_Vom_Road:
Tunda Maman Iman ta taɓo wannan bari in sa baki, aikina ya shafi lafiyar dabbobi. Lokacin farauta shi ne lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. Kuma mu mutanen Jos ba baƙinsa ba ne, a 1969 ma'aikaciyar jinyar da ta fara kamuwa a garin Lassa nan asibitin Jankwano aka kawo ta ta rasu, a 1970 kuma likitar asibitin, Jeanette Troup, ita ma cutar ta kashe ta. Ɓera ne ke ɗauke da ita, kuma in an cinna wa daji wuta ana kama ɓeraye a jefa su buhu ɗaya da sauran nama. Don haka Ɗan Rikkos ka roƙi kawu kar ya haɗa maka da dangin ɓera, ka sa safar hannu wajen gyara, in kana da yanka a hannu ka bari wani ya yi. Dabbar da aka tsinta a mace ko wadda jini ke fita ta hanci da baki ba ta ƙofar harbi ba, kar a feɗe ta sam, kun tuna cutar anthrax da aka samu a Suleja a 2023.

Niƙaƙƙen nama kuma ba kamar tsoka guda ba ne, ƙwayar cutar da ke waje niƙa ta shigar da ita ko'ina. Sosej ya dahu har tsakiya, digiri 71 na ma'aunin Salshiyas, na zabo da sauran tsuntsaye 74. Firiza ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta kawai take yi. Saboda haka ni a zaɓen inji abin da nake fara dubawa shi ne kansa na kwancewa gaba ɗaya a wanke, in akwai lungun da burushi ba ya kaiwa ba na so.

Baba_Maharbi:
Likita mun gode. Gyazbi fa? Shi ma ɓera za ka kira shi? Don shi mutane da yawa ke so.

Dr_Vom_Road:
Baba ba shi ne ainihin mai ɗauke da Lassa ba, wancan ƙaramin ɓera ne mai yawan nonuwa da ke shiga gidaje da rumbu. Amma ƙa'idar ɗaya ce, a gyara da tsafta a dafa sosai. Wani abin kuma da ku maharba kuka fi ni sani shi ne ƙwayoyin dalma na harsashi. A yanke wurin da harbi ya shiga da faɗi a zubar, a lalube sauran da yatsa. Ƙwaya ɗaya in ta shiga inji za ta iya ɓalle bakin wuƙa, in kuma ta niƙe ta bazu cikin naman yara su ci. Abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa ya sa mu kiyaye, ko da yake can daga haƙar zinare ne.

Malam_Nasarawa_Gwom:
Salamu alaikum. Ban ga an yi maganar fatar sosej ɗin ba. Waɗanda ake shigowa da su daga waje da yawa hanjin alade ne, na kolajin ɗin ma, wato fatar da ake haɗawa a masana'anta, sai ka san daga wace dabba aka yi shi. Wanda ya damu da halal ya kula. Naman kansa kuma in maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin harbi ya halatta, in ya tarar da dabbar da sauran rai sai ya yanka. Ɗan Rikkos na san kawunka ya san wannan, don masu saye a bakin titi nake faɗa.

Chef_Rayfield:
Malam ai ba ma sai an je waje ba. Ka je Abattoir da sassafe ko wurin mahautan unguwarku ka ce a ajiye maka ƙaramin hanjin rago ba a yayyanka ba. Ka zuba ruwa ta ciki ya wuce, ka kwantar a katako ka kankare da bayan cokali har sai ya koma siriri kana ganin yatsanka ta ciki, ka cuɗe da gishiri mai yawa ka sa a firij, yana wata da watanni. Ranar aiki ka jiƙa a ruwan ɗumi. Na rago siriri ne, kamar milimita 20 zuwa 24, irin wanda mutanen Maroko da Aljeriya ke yin sosej ɗinsu na margez da shi, yana da daɗin ci amma yana saurin fashewa. Hanjin shanu ya fi kauri ya fi sauƙin cikawa ga mai koyo.

Ɗan_Rikkos:
To injin da kansa zai cika min hanjin? Mai shagon ya nuna min wasu bututu uku ya ce da su ake yi.

Chef_Rayfield:
Zai yi amma da wahala. Sukurun injin yana sake murza naman da ka riga ka kwaɓa, yana ɗumama shi, ga iska na shiga, ga shi mutum ɗaya ba zai iya dannawa da riƙe hanji lokaci guda ba. In kilo biyu ne ko uku ka lallaɓa da bututun, madam ta taya ka. In abin ya zauna maka ka sayi na cikawa daban, irin mai kama da silinda a tsaye da ake murzawa da hannu, mai lita 3 ya isa.

Abu_Hanan_Kubwa:
Ni ban yarda sai an sayi na biyu ba. Da bututun nake yi tun da na fara kuma lafiya lau, kawai ka cire wuƙar ka sa farantin cikawa mai manyan ƙofofi, ka ɗan zuba ruwan ƙanƙara a kwaɓin ya yi santsi. Kuɗi ba a bishiya suke ba yanzu.

Hajiya_Mai_Dambu:
Ni fa duk wannan sosej ɗin ban gane masa ba. Naman gada da zabo ai dambu ya fi dacewa da su, ba firiza ba wuta, ka soya ya bushe ka zuba a mazubi mai murfi ya yi maka watanni. In aka ɗauke wuta kwana uku sosej ɗin nan ya zama na zubarwa. Iyayenmu da turmi da taɓarya suka yi kuma ba a taɓa jin ya lalace ba.

Ummu_Sadiq:
Hajiya kowanne da wurinsa. Dambu na tafiya da 'yan makaranta, sosej na karin safe da ƙwai da dankalin Turawa tunda ga shi Allah ya hore mana a Filato. Amma maganar wuta gaskiya ce, ni sai na turara nawa a hayaƙi ya dahu tukuna nake sawa a firiza.

Sadiya_Gangare:
To ba za a iya shanya shi ya bushe ba kamar kilishi? Da iskar hunturun nan ai kwana biyu ya isa.

Dr_Vom_Road:
A'a Sadiya, kar ki gwada. Kilishi falle ne siriri iska da rana na ratsa shi, daga baya kuma a gasa. Sosej nama ne mai danshi a rufe cikin hanji babu iska, nan ne ƙwayar da ke kawo gubar botulizim ke jin daɗi. Turawan da ke busar da nasu suna sa wani gishiri na musamman mai sinadarin naitirait da awo na ƙa'ida. Wanda ba shi da wannan ya tsaya a ɗanyen sosej da za a gasa ko a daskarar.

Maman_Iman:
Chef don Allah ba mu awon haɗin, tunda naman daji ba shi da mai.

Chef_Rayfield:
A kilo ɗaya, giram 750 nama giram 250 kitse, gishiri giram 18, ki auna da sikeli kar ki yi da ido. Kitsen tozon sa na fi so. Na rago yana da ƙamshi amma da ya huce yake daskarewa a dasashi, a sanyin Jos kuwa kafin ki kai tebur ya fara. Kitsen jikin naman dajin ki cire shi, shi ke kawo ƙarni. Kayan ƙamshi namu na gida sun wadatar, citta, masoro, kanumfari kaɗan, tafarnuwa, barkono, ni har kimba nake ɗan sawa a na gada. Bayan niƙa ki zuba ruwan ƙanƙara kamar rabin ƙaramin kofi ki cuɗa da hannu har ya yi danƙo ya manne a tafinki in kin juya shi ƙasa. Ki soya ɗan kaɗan ki ɗanɗana kafin ki cika hanji.

Pam_Du:
Sannunku. Ni ina aiki wurin gyaran injina a Dilimi, irin lamba 12 da 22 na Cana ɗin nan ana kawo mana su. Motar ba ta cika mutuwa ba, abin da ke lalacewa kafasito ne da makunni, kuma ana samu. Amma ku duba kan, wani sitenles ne wani alminiyom ne aka goge yana ƙyalli, na alminiyom yana baƙanta nama in an wanke shi da sabulu mai ƙarfi. Ka tambayi mai shago ko yana da wuƙa da faranti na canji kafin ka biya, ka sayi biyu-biyu. Kuma ina roƙo, kar kowa ya tura nama da yatsa. Maƙogwaron 22 hannun yaro yana shiga har wuyan hannu, sukurun ba ya tsayawa. Sandar turawa tana zuwa da shi, a yi amfani da ita, a cire filogi kafin a kwance.

Baba_Maharbi:
Pam ka faɗi gaskiya, shi ya sa ma nake son na hannu a gidan da ke da yara, in ka saki mariƙi ya tsaya. Wuƙa kuma kar ku kai wa mai wasa wuƙaƙe na kasuwa ya ɗora a dutsen inji, zai cinye gefe ɗaya ta daina kwanciya a kan faranti. Ka samu gilashi ka shimfiɗa samfefa mai laushi ka ɗiga ruwa, ka goga wuƙar a kwance ka goga farantin shi ma. In ka gama aiki ka tura guntun burodi ya kore ragowar naman, ka wanke da ruwan zafi, ka shanya ya bushe ƙarau, ka shafa man gyaɗa don tsatsa.

Kuma ka gaya wa kawunka in ji ni, Yankari da Lame-Burra da Pandam ba wurin farauta ba ne, doka ta hana. Barewa ma a ƙyale ta, da idona na ga yadda ta ƙare a dazukan da muke samunta da. Mai ciki da mai shayarwa ba a harbi.

Ɗan_Rikkos:
In sha Allah Baba zan isar. Yanzu dai na cire mai roba daga lissafi. Tsakanin na hannu 22 da na wuta 12 nake, madam na son na wuta ni kuma maganar janareta ce ta tsaya min. Pam in na zo Dilimi ranar Asabar za ka iya raka ni mu duba kan tare?

Pam_Du:
Ba damuwa, ka yi min magana ta inbox. Ka zo da maganaɗisu ƙarami da guntun nama mai jijiya a cikin kula, mu sa mai shagon ya kunna a gabanmu.

Injiniya_Bukuru:
Maganaɗisun ba zai raba muku gardama ba fa, alminiyom ba ya kamawa, sitenles mai kyau ma yawanci ba ya kamawa. Ku kwance kan ku ɗaga a hannu, nauyin zai nuna.

Ummu_Sadiq:
Chef ban ji ka ce komai kan zabo ba, da fatarsa ake niƙawa ko a cire? Kuma shi ma 250 ɗin kitse za a sa?